Baƙo Raɓa Ne, Amma Raɓa Ba Ta Tafiya da Tabarma

Masu iya magana sun ce baƙo raɓa ne. Abin da suke nufi shi ne, baƙo ba mazauni ba ne, yakan sauka da dare, hantsi na dubawa ya ɗauke, saboda haka a yi haƙuri da shi, a kyautata masa, domin zamansa ɗan ƙanƙane ne. Sai dai kash, a wannan zamani an sami waɗansu mutane da suka yi wa karin maganar gurguwar fahimta. A wurinsu, tun da baƙo raɓa ne, ya halatta ya ɗauke tun kafin gari ya waye, ba sallama, ba ban kwana, ba kuma biyan kuɗin ɗakin da ya kwana a ciki. A kan waɗannan mutane muke son mu yi magana, kuma ba mu da niyyar sassauta musu, domin abin da suke kira wayo, ko dabara, ko iya zaman duniya, sunansa na yanka sata, sunansa na rana kuwa cin amana.

Mun zaɓi mu kafa misalinmu a Samarun Kataf da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita a kudancin Jihar Kaduna, ba don mutanen wannan yanki sun fi na sauran wurare wannan mugun hali ba, a'a, sai don ƙasa ce ta matafiya tun fil azal. Duk wanda ya tsaya a shataletalen Samaru zai ga yadda hanyoyi suka yi kiciɓis: ga wadda ta fito daga Kaduna ta Kachiya da Zonkwa, ga wadda ta gangara Kagoro ta shiga Kafanchan, ga kuma wadda ta nufi Zangon Kataf ta miƙe Saminaka. Ita kuwa Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raine ta. Tun wajajen 1927, lokacin da layin dogo da ya taso daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos, garin ya zama matattarar ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta Nijeriya, har fadar Sarkin Jama'a ta komo nan a 1933. Yanzu jirgin ya daina irin zirga-zirgar da aka san shi da ita, amma baƙi ba su yanke ba. Akwai iyayen ɗalibai da malamai masu zuwa sashen koyon aikin gona na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Samaru, da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan. Akwai masu sayen citta da ke bin kasuwannin Kachiya da Kwoi. Akwai masu zuwa bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu, da bikin Ayet na Atyap, da masu zuwa kallon ruwan Matsirga, ban da 'yan ɗaurin aure da 'yan jana'iza da ke kwararowa daga Abuja da Jos da Ikko, musamman idan shekara ta zo ƙarshe. Dukkan waɗannan suna bukatar inda za su sa haƙarƙarinsu, kuma ba kowa ne ke da ɗan'uwa mai ɗakin baƙi ba.

Kada mai karatu ya ji mun ce otal ya ɗauka irin dogayen benayen nan na Abuja muke nufi, masu na'urar ɗaukar hoto a kowane lungu da lauyoyi a aljihu. Galibin masaukan wannan yanki ƙanana ne. Sau da yawa wani tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ko tsohon soja, ko malamar asibiti da ta yi ritaya, ya tattara ɗan abin da aka sallame shi da shi ya gina ɗakuna goma ko goma sha biyar, ya haƙa rijiyar burtsatse, ya sayi janareta, ya ɗauki yara huɗu ko biyar aiki. Jarin rayuwarsa ke nan gaba ɗaya. Tun daga 2022 da farashin man dizal ya yi tashin gwauron zabo, aka zo aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, kunna janareta na dare ɗaya kaɗai ya isa ya cinye kuɗin ɗakuna da dama. Wanda ya kwana cikin sanyin fanka ya gudu da asuba, ba gado kawai ya ci bashi ba, har da man da aka ƙona, da ruwan da aka jawo, da sabulun da za a wanke zanen gadonsa, da barcin da maigadi ya hana idonsa domin motarsa ta kwana lafiya.

Su waɗannan baƙi kala-kala ne, kuma kowa da irin kiɗan da yake rawa da shi. Akwai na gargajiya, mai gudun asuba, wanda zai biya daren farko ya ce sauran sai gobe, goben ta zama jibi, jibin ta zama gata, ran nan ya ce zai je tasha ya dawo, ya bar jaka a ɗaki don a saki jiki. In aka gaji da jira aka buɗe jakar sai a tarar da tsummokara da tsofaffin jaridu. Akwai ɗan zamani, wanda ba ya gudu, sai dai ya zaro waya ya nuna saƙon banki na bogi, ya ce ai ya tura, matsalar sadarwa ce, kuɗi na nan tafe, ya buga mota ya yi gaba. Akwai mai kama ɗaki da sunan mutum ɗaya, dare na yi ya shigo da mutum biyar ta ƙofar baya. Akwai wanda zai yi kwana uku bai ce uffan ba, sai ranar biya ya tuna cewa famfo ba ya kawo ruwa sosai, kuma sauro ya cije shi, don haka rabi zai biya. Mai naɗe tawul da zanen gado ya cusa a jaka ma ba a bar shi a baya ba, ko da yake shi abin nasa ya fi kama da ƙaranta. Amma duk waɗannan ƙananan alhaki ne idan aka kwatanta da babbansu, mai babbar riga da 'yan rakiya, wanda za mu komo kansa nan gaba.

Hujjar farko da akan ji daga bakin masu kare wannan ɗabi'a ita ce wai mu a al'adarmu ba a sayar wa baƙo wurin kwana, otal baƙon abu ne da Turawa suka kawo, don haka wanda ya zille wa biyansa bai saɓa wa wata al'ada tamu ba. Wannan magana tana nuna jahiltar tarihi ƙwarai da gaske, kuma ba sai an je nesa ba wajen rushe ta. Sunan Zangon Kataf kansa ya isa shaida. Zango shi ne inda ayarin fatake ke yada kaya su huta, su shayar da jakuna, su sayi abinci, su yi ciniki kafin su ci gaba da tafiya. Daga ƙasar Hausa har zuwa Salaga a ƙasar Gwanja, inda ake sayo goro, zanguna ne a jere, kuma kowane zango da tsarinsa. Madugu yakan biya masu ƙasa kuɗin wucewa da na sauka. A garuruwan ciniki kuwa akwai maigida, wanda a wasu wurare ake kira fatoma, shi ne ke saukar da baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki, ya ciyar da shi, ya adana masa kaya da kuɗi, ya nemo masa masu saye, ya yi masa tafinta in harshe ya bambanta. Gaskiya ne baƙo ba ya ƙirga kuɗin ɗaki kowace safiya, amma ba kyauta yake kwana ba. Biyan yana fitowa ne daga la'adar da maigida ke samu a kan cinikin da aka yi ta hannunsa, kuma babu abin kunya a wurin falke kamar ya kwana a gidan wani ya je ya sayar da kayansa a ɓoye ta hannun wani don ya hana maigidansa la'ada.

Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, ya nazarci wannan tsari, ya fitar da littafinsa a 1969. Abin da ya gano shi ne, cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu kusan gaba ɗaya a kan amana ya ginu. Mai shanu zai taso daga Arewa ya sauka gidan maigida, a sayar da shanunsa bashi ga mahauta Yarabawa waɗanda shi bai taɓa gani ba, maigida ya tsaya lamuni. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa, domin in bai yi haka ba labari zai koma Arewa, baƙi su ƙaurace wa gidansa. Babu takarda, babu kotu, babu ɗan sanda. Abin da ya riƙe tsarin shi ne suna. Wanda ya ci amana a zango ɗaya, kafin ya kai na gaba labarinsa ya riga shi isa. To, ina wanda ke cewa kakanninmu ba su san biyan masauki ba? Sun san shi sarai, har ma sun fi mu tsanani a kansa, domin su hukuncin maci amana a wurinsu shi ne a rufe masa ƙofofin kasuwanci gaba ɗaya.

Hatta baƙuncin gida, wanda ba na kasuwanci ba, yana da iyaka. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna cewa haƙƙin baƙo kwana uku ne, abin da ya wuce haka sadaka ce, kuma bai halatta baƙo ya zauna har ya ƙuntata wa mai masaukinsa ba. Idan har wanda aka sauka don Allah an yi masa wannan iyaka, ina ga wanda ya shiga da ƙafarsa, ya tambayi farashi, aka faɗa masa, ya ce ya yarda, ya sa hannu a littafi, aka miƙa masa makulli? Wannan a fiƙihun Malikiyya da muka tashi da shi haya ce, yarjejeniya ce mai ɗaure ɓangarori biyu, kuma wanda ya mori abin haya kuɗin ya hau kansa. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Hujja ta biyu ta fi ta farko muni, domin ita rigar addini ake sa mata. Sai ka ji mutum ya ce ai otal matattarar baɗala ce, ana sayar da giya, mata masu zaman kansu na shiga da fita, don haka dukiyar mai otal ba ta da alfarma. Wani ma yakan ƙara da cewa mai wurin ba addininsu ɗaya ba. Abin tambaya a nan shi ne, in wurin na baɗala ne, me ya kai ka? In kuwa larura ce ta kai ka, ka sami inuwa da tsaro a lokacin da dare ya yi maka a hanya, da wane bakin za ka zagi rumfar da ta tare maka ruwa? Lokacin da Annabi Muhammadu (SAW) zai yi hijira daga Makka zuwa Madina, mutanen da suka ƙulla kashe shi ajiyarsu na hannunsa, amma sai ya bar Sayyadina Ali a baya musamman domin ya mayar wa kowa da kayansa. Su kuwa masu ajiyar nan mushirikai ne. Haka kuma an ruwaito cewa an kawo masa gawar wani mutum, da ya ji ana bin mamacin bashi kuma bai bar abin biya ba sai ya ƙi yi masa salla, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashin. Ya kuma bayyana cewa jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Ba mu san inda mai gudun asuba zai raɓa a cikin waɗannan ba.

'Yan'uwanmu Kirista, waɗanda su ne mafi yawa a wannan yanki, su ma ba su da mafaka. A cikin Linjilar Luka, sura ta 10, akwai labarin Basamariyen nan (sunan ya yi kama da na Samaru, amma kamar ce kawai) wanda ya tsinci mutumin da 'yan fashi suka yi wa rauni a hanyar Yariko. Masu wa'azi sukan tsaya a kan tausayinsa, su wuce wani abu da ya shafe mu a nan. Da ya kai majinyacin masauki, washegari sai ya ciro dinari biyu ya ba mai masaukin, ya kuma yi alkawarin cewa duk abin da aka kashe fiye da haka zai biya in ya dawo. Bai ce wa mai masauki tun da aikin lada ne kai ma ka yafe ba. Ya yi alherinsa da aljihunsa, bai yi da na wani ba. Wannan darasi ne ga masu gayyato baƙi taron coci ko na masallaci, su sauke su a otal, in an tashi su ce wa mai wurin ya bar wa Allah.

Bari mu zo kan tambayar da masu wannan hali ba sa son a yi musu: wa ke biya? Suna ɗauka mai otal ne, wanda suka ƙaddara attajiri ne da ba zai ji a jikinsa ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A mafi yawan ƙananan masaukai, in baƙo ya sulale, yarinyar da ke zaune a kanta tana karɓar baƙi, ko yaron da ke aikin dare, su ake cewa sun yi sakaci, a cire daga albashinsu. A ƙaddara ɗaki na naira 15,000 ne, baƙo ya yi kwana uku ya gudu, an tashi da naira 45,000. Mafi ƙarancin albashi da doka ta tsayar a 2024 naira 70,000 ne, kuma sanin kowa ne cewa da yawa daga ma'aikatan irin waɗannan wurare ba sa ganin ko wannan ɗin. Ke nan mutumin da ke tuƙa motarsa yana dariya a hanyar Kachiya, yana ba abokansa labarin yadda ya yi wa otal wayo, abin da ya yi a zahiri shi ne ya zura hannu a jakar wata yarinya da ke tara kuɗin jarrabawa, ya kwashe mata guminta na wata guda ko fiye. Ita ce ta yi masa sannu da zuwa, ita ce ta kai masa ruwan zafi, ita ce ta gaskata shi da ya ce gobe. Ladanta ke nan.

Ba mu ce masu otal mala'iku ne ba. In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Akwai masu karɓar kuɗin ɗaki mai na'urar sanyaya wuri, ƙarfe goma sha biyu na yi su kashe janareta. Akwai masu ninka farashi a lokacin biki ba tare da sanarwa ba. Yankan albashin ma'aikaci a kan laifin da ba nasa ba shi ma zalunci ne, kuma Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta taƙaita irin wannan yanka. Haka nan akwai masu kiran 'yan sanda a kulle mutum saboda bashi tsagwaronsa, alhali Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta hana kama mutum don kawai ya saɓa yarjejeniyar ciniki. Duk wannan gaskiya ne. Amma maganin ɗakin da ba shi da ruwa shi ne ka yi magana a daren farko, a sauya maka, ko a rage maka, ko ka ɗauki jakarka ka tafi wani wuri. Wanda ya yi shiru ya mori kwana uku sannan ya ƙirƙiro ƙorafi, kansa ya naɗa alƙali a shari'ar da shi ne mai ƙara, shi ne kuma mai cin tara.

Wajibi ne kuma mu bambanta tsakanin macuci da wanda ƙaddara ta faɗa wa. Ana yi wa mutum fashi a hanya, aljihu kan tsage, kuma ba mu manta da farkon 2023 ba, lokacin da sauya fasalin naira ya sa takardun kuɗi suka yi ɓatan dabo, mutum na da kuɗi a banki amma ya kasa taɓa su, in ya tura ta waya su maƙale kwana da kwanaki. Alƙur'ani mai girma ya yi umarni a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya sami sauƙi. Sai dai alamar irin wannan mutum a bayyane take: yakan tsaya. Zai nemi manaja ya faɗa masa halin da yake ciki, ya bar waya ko agogo jingina, ya kira wani da aka sani a gari ya tsaya masa. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, ba a kansa muke faɗa ba. Faɗanmu da wanda ya shigo da niyyar kada ya biya ne, kuma doka ma a nan ta ja layinta. Kundin hukunta laifuka na Arewa, wato Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, ya kira yaudarar mutum don a karɓi wani abu daga gare shi zamba, a sashe na 320, kuma Jihar Kaduna ta sabunta nata kundin a 2017. A Ingila sai da aka yi doka a 1978 wadda ta mayar da sulalewa ba tare da biya ba laifi mai zaman kansa. Faransa ma tana hukunta wanda ya kama ɗakin otal alhali ya san ba zai iya biya ba ko ba shi da niyyar biya. A birnin New York na Amurka, a 2019, kotu ta sami wata mata mai suna Anna Sorokin da laifin zamba, ciki har da cin kuɗin otal-otal, bayan ta yi shekaru tana shigar 'yar attajirai. Abin takaici, a 2022 sai ga kamfanin Netflix ya mayar da labarinta fim, duniya na kallo tana sha'awa. Ashe ba mu kaɗai ne ke tafa wa ɓarawo in ya iya ado ba.

Yanzu sai babban nasu. Shi ba ya gudu da asuba, da rana tsaka yake fita, ana buɗe masa ƙofar mota. Ɗan siyasa ne da ya zo yaƙin neman zaɓe ya kama ɗakuna takwas wa magoya baya, ko babban ma'aikaci da ya zo rangadi, ko shugaban wata ƙungiya da ya zo taro. In an kawo masa takardar kuɗi sai ya sa hannu ya ce a rubuta da sunan ofis. Daga nan mai otal ya shiga sintiri, yau a ce fayil na teburin wane, gobe a ce ba a saki kuɗi ba, jibi a ce an yi wa mai sa hannu canjin wurin aiki. In zaɓe ya wuce, wanda ya faɗi ya ce shi ma asara ya yi, wanda ya ci kuwa ba ya ganuwa. Mai otal ba ya iya ɗaga murya, domin lasisinsa da harajinsa da takardar filinsa duk suna hannun irin waɗannan mutane. Wani abin ma da ya fi wannan ƙazanta shi ne ma'aikacin da aka ba kuɗin kwana tun daga ofis, ya soke su a aljihu, ya kwana bashi, sa'an nan ya roƙi yaron kanta ya rubuta masa rasit da ya ninka farashin gaskiya domin ya kai ofis. Wannan ya yi sata biyu a dare ɗaya, ya cuci mai masauki, ya cuci baitulmali, ya kuma koya wa yaro ƙarami cewa alƙalami ma kayan sata ne. Idan yaro ya tsallake katangar otal muna kiransa ɓarawo, mu tara masa jama'a. Idan mai rawani ko mai kwat ya yi abin da ya ninka nasa sau ɗari, sai mu ce ana bin ofis bashi. Mu dai ba mu ga bambanci ba, in ban da tsadar tufafi.

Akwai wata asara da ta fi ta kuɗi, kuma ita ce ta sa muka ce wannan magana ta fi nauyi a kudancin Kaduna fiye da wurare da yawa. Wannan ƙasa ta ga abin da ya faru a Kafanchan a watan Maris na 1987, ta ga na Zangon Kataf a watannin Fabrairu da Mayu na 1992, ta ga na Zonkwa da Kafanchan bayan zaɓen 2011, ban da hare-hare da satar mutane na shekarun baya-bayan nan. Ba wurin rabon laifi ba ne nan, kowane ɓangare ya binne nasa. Abin da muke son a lura da shi shi ne, a ƙasar da aka sha irin wannan ɗaci, yarda da baƙo abu ne mai tsada, ana gina shi ne da kaɗan-kaɗan. Kantar otal tana daga cikin 'yan wuraren da suka rage inda Bahaushe mai sayen citta, da Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, da Bafulatani, da Bajju, da Atyap, kan miƙa wa juna makulli da kuɗi ba tare da an tambayi wurin ibadar kowa ba. Duk wanda ya ci amana a wannan kanta, ba sunansa za a riƙe ba, domin sau da yawa ma sunan ƙarya ya rubuta. Hularsa za a tuna, da harshensa, da garin da ya ce ya fito. Wake ɗaya ke ɓata gari. Gobe in wani mai irin hular ya iso da ƙarfe goma na dare, a gajiye, da kuɗinsa na halal a aljihu, sai a dube shi sama da ƙasa a ce ɗakuna sun cika. Shi kuma ya koma mota ya kama hanyar da kowa ya san ba a bin ta da dare, yana cewa a ransa an ƙi shi ne saboda addininsa ko ƙabilarsa. Ta haka ƙaramar sata ke zama itacen hura babbar wuta.

Saboda haka ba mu yarda da masu cewa maganin abin shi ne kowa ya biya kafin a ba shi makulli, a wuce wurin ba. Biya kafin kwana yana toshe ƙofar mai gudun asuba, amma ba ya taɓa mai babbar riga, domin shi ba a iya tambayarsa kafin alƙalami. Abin da ya kamata ofisoshin gwamnati da jam'iyyu su yi shi ne su riƙa biyan masauki kai tsaye kafin tawagarsu ta iso, kuma kada a karɓi rasit daga hannun ma'aikaci sai an tuntuɓi wurin da ya ce ya kwana. Masu masaukai daga Zonkwa zuwa Kafanchan su riƙa sanar da juna sunan wanda ya cuce su da lambar motarsa, kamar yadda madugai ke yi a da, sunan mutum ɗaya, ba na ƙabilarsa ba, kuma su daina huce haushinsu a kan albashin yara. Masu shirya biki da jana'iza da taron addini kuwa, waɗanda su ne ke cika ɗakunan nan a watan Disamba, su koma matsayin fatoma: wanda ya gayyato baƙo ya kai shi masauki da kansa, ya rubuta sunansa da lambar wayarsa a gefen na baƙon, ya san cewa in baƙon ya sulale shi za a nema. Littafin baƙi yana nan a kan kowace kanta, layi ɗaya kawai za a ƙara a cikinsa, na sunan wanda ya tsaya wa baƙo.